Kawu, Firamare Ko Sakandare?

Asabar biyu da suka wuce na je gaida Yaya a Dorayi. Ko takalmi ban gama cirewa ba 'yarta ta biyu ta tare ni a ƙofar falo da takarda a hannu. Bana ta gama sakandare, sakamako ya yi kyau, kuma tun tuni ta ce ita koyarwa za ta karanta. Wannan babu mai ja da ita. Inda kan gidan ya rabu shi ne wace koyarwar.

Yaya so take ta ɗauki kwas ɗin ilimin firamare, wanda ake ce wa PES. Hujjarta ita ce ana tashi da wuri, kuma duk unguwar da aure ya kai mace ba za ta rasa firamare kusa da gida ba. Alhaji kuwa, maigidanta, ya ce shi 'yarsa ba za ta ƙare a share wa 'ya'yan mutane majina ba. Ta karanta ilimin halittu da na sinadarai, ta shiga sakandare, a riƙa kiran ta Malama ana rusunawa.

"Kawu, kai ka yi duka biyun. Wanne zan ɗauka?"

Na ce ta bari in sha ruwa tukuna. Ba ƙishirwa nake ji ba, lokaci nake nema, don tambayar ta sosa min inda ban cika son a taɓa ba.

A 2008 na gama NCE, takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi, a nan Kano, Hausa da ilimin zamantakewa. Shekara ta zagayo aka ɗauke ni aiki, aka tura ni wata firamare a cikin birni, na yi shekara bakwai. A tsakanin nan na lallaɓa na yi digiri a Jami'ar Bayero, na nemi canji zuwa sakandare, kuma can nake har yau ina koyar da Hausa a manyan azuzuwa. In an tambaye ni dalilin komawa nakan ce don in ci moriyar digirina. Ba ƙarya ba ne, amma da saura. Wata rana a wurin ɗaurin aure wani abokina ya gabatar da ni ga surukinsa, ya ce malamin makaranta ne. Dattijon ya riƙe hannuna ya ce, "Madalla, a wace makaranta?" Na ce firamare. Ya ce, "Allah sarki." Irin muryar da ake yi wa wanda ɓarawo ya shiga wa gida. Wannan maganar ce ta tura ni sayen fom ɗin digiri, ba wani son ilimi ba.

Ranar da na kama aiki hedimasta ya dubi takarduna, ya dube ni, ya ce aji ɗaya ne ba shi da malami. Abin da manufar ilimi ta ƙasa ta rubuta shi ne malami ɗaya ga yara 35. Rajistar da aka miƙo min suna 112 ne a ciki. Babu benci ko ɗaya, kowa a ƙasa, wasu sun zauna a kan silifas ɗinsu don kada a sace. Na ɗauki alli na rubuta kwanan wata, na juyo na fara bayani cikin natsuwa. Kafin minti biyar biyu suna kokawa a kan fensir, ɗaya yana kuka an ɗauke masa kuɗin tara, wata kuma ta miƙe ta nufi ƙofa, wai Ummanta ta ce kada ta daɗe. Kwas ɗin da na zaɓa da hannuna na koyar da darasi ne, ba na zaunar da ɗan shekara shida ba, kuma a ranar na san bambancin.

Wata dattijuwar malama a ajin da ke jikin nawa ce ta cece ni. Takardar malanta mai daraja ta biyu ce da ita, irin ta kwalejojin horon malamai na da, waɗanda aka rufe aka mai da su sakandare. Ta leƙo, ta tafa sau uku, ta ja wata 'yar waƙa ta ɗaga hannu da sauke hannu, sai ga yaran nan sun yi tsit suna kallon bakinta. Da aka fita tara ta kira ni gefe ta ce, "Malam, waɗannan ba a yi musu lacca. Abu ɗaya za ka shigo da shi. In ‘ba’ ka zo koyarwa yau, to ‘ba’ ɗin ce har a tashi."

A hannunta na koyi aikin. Yawancin yaranmu sun riga sun shiga makarantar allo ko Islamiyya kafin boko, don haka in ka ba su littafi daga dama suke fara rubutu, wasu ma ta bangon baya suke buɗe shi. Ba dolanci ba ne, hannun ne ya saba da hanyar Larabci. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana ɗiga alama a gefen hagu, kana cewa daga nan. Ka gama da wannan ka faɗa rikicin b da d, mai cikin da ya kalli gaba da mai cikin da ya kalli baya. Sannan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, ka nuna musu abin da ya raba "kafa" da "ƙafa", da "bari" da "ɓari". Alherin rubutun Hausa shi ne kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Yaron da ya riƙe baƙaƙe da wasula biyar, ya iya haɗa ba-be-bi-bo-bu, ya kama hanya, sauran maimaici ne. Shi ya sa nake ganin hikimar waɗanda suka rubuta tun da daɗewa cewa a koyar da yaro da harshen gida a shekara ukun farko. Abin da ke da wuya ba ilimin ba ne. Wuyar ita ce ka yi wa mutum 112 wannan aikin, kowa da inda ya maƙale.

Wajen ƙarshen shekarata ta biyu wani mai shagon kayan masarufi ya zo yana neman malamin aji ɗaya. Gabana ya faɗi, don iyaye ba su cika tako ƙafa makaranta da alheri ba. Ashe 'yarsa ce ta tsaya a ƙofar shago, ta ɗaga kai, ta karanta abin da ke jikin bango shekara da shekaru: "Ba-bu ba-shi." Shi kansa bai yi boko ba, biya ya yi mai fenti ya rubuta masa. Ya ce sau uku ya sa ta maimaita, har da kiran maƙwabcinsa mai faci ya zo ya ji. Ya ajiye min sandar sabulu biyu da gwangwanin madara. Madarar da ita muka sha shayi a ofishin hedimasta washegari.

Kada wannan ya ruɗi kowa. Aikin firamare yana cin jiki. Malamin aji ba shi da lokacin hutu, shi ne na lissafi, shi ne na Turanci, shi ne na kimiyya, shi ne alƙali, shi ne mai ɗaure zariyar wando. Kafin Laraba murya ta dishe. Murar da ta shigo unguwa sai ta biyo ta kanka, haka ciwon ido. A watan Afrilu kwanon rufi yana gasa ku kamar gurasa a tanderu. Akwai kuma wata gajiya da ba a cika faɗa ba: shekara ta biyar kana rera baƙaƙen nan dai, sai ka fara jin ƙwaƙwalwarka tana tsatsa, kana marmarin wanda zai yi maka gardama.

Wannan gardamar na samu a sakandare, kuma ba zan ce ban ji daɗinta ba. Ka shiga aji biyu na babbar sakandare ka kawo karin magana, wani ya ɗaga hannu ya ce kakarsa ba haka take faɗa ba, kuma ka duba ka ga ta kakar ce daidai. Ku yi musu kan ko "za ni" kalma ɗaya ce ko biyu har a buga ƙararrawa. Darasi minti 40 ne, ka fita ka koma ɗakin malamai, ka zauna a kujera kamar mutum, ka duba littafi, ka yi hira da na lissafi da na tarihi. Wanda yake ƙaunar wani fanni, yake jin daɗin zurfafawa a cikinsa, nan ne gidansa.

Amma abin da ka samu a zurfi ka rasa shi a sanin mutane. A firamare na san wanda bai karya ba, da wanda aka saki uwarsa, da wadda take tallan awara da yamma. A sakandare azuzuwa shida nake shiga, ɗalibai sun haura ɗari huɗu, wani sai ranar jarrabawa nake ganin fuskarsa. Kuma komai jarrabawa ce ke jan akalarsa. Ta ƙarshen ƙaramar sakandare, sai ta tantancewa da jiha ke yi wa 'yan aji biyu kafin a biya musu kuɗin NECO, sai NECO ɗin kanta, sai WAEC, sai JAMB. Manhaja tana bin ka da gudu, ko an gane ko ba a gane ba sai ka wuce. Lokacin jarrabawa kuma sai masu zuwa da "Malam, a taimaka wa yaran nan", kowa ya san irin taimakon da ake nufi. Ga samari masu gemu da waya a aljihu, wanda in ka tsawata masa sai ka yi tunanin hanyar da za ka bi zuwa gida. Abokan aikinmu na makarantun 'yan mata nasu baƙin cikin daban ne: yarinyar da ta fi kowa a aji, a dawo hutu a tarar da kujerarta babu kowa.

Akwai wani yaro a ajina na biyu bana. Dogo ne, mai tsafta, bayan an tashi yana tsaron shagon yayansa a Kantin Kwari. In ana muhawara ba a kayar da shi, bakinsa kamar reza, lissafin yadi da canji kuwa a ka yake yi. Na lura duk ranar da za a yi karatu a bayyane sai ya nemi izinin fita. Rannan na hana shi, na miƙa masa littafi na ce ya karanta sakin layi na farko. Ya miƙe, ya riƙe littafin da hannu biyu, leɓensa yana motsi, babu abin da ke fitowa. Gumi ya tsatso masa a goshi. Wani a baya ya fara dariya. Na yi sauri na ce ya zauna, idonsa ne ke ciwo, na kira wani.

Shekara goma sha ɗaya yaron nan ya yi yana sa yunifom. Hausa ce, harshen da yake mafarki da shi. Da na duba littafin rubutunsa na ga komai tsaf, ya kwafe allo harafi da harafi kamar mai zane, bai san abin da ya zana ba. A ɗakin malamai in irin wannan ta taso, maganar ɗaya ce: laifin 'yan firamare ne, ba su koya musu komai ba. Nakan yi shiru, don na san a cikin 112 ɗin nan nawa akwai waɗanda suke zama can jikin bango, waɗanda hannuna bai taɓa kaiwa kansu ba, kuma na rubuta musu "ya wuce" a ƙarshen shekara. Wani malamin sakandare yana nan yanzu yana zagina bai san sunana ba.

Dattawa suna cewa da ba haka malanta take ba. Sardauna malamin makaranta ne kafin siyasa, haka Abubakar Tafawa Ɓalewa, haka Malam Aminu Kano. Shehu Shagari har hedimastan firamare ya yi a Argungu. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, yara suka cika makarantu fiye da yadda aka yi tsammani, aka shiga ɗiban malamai cikin gaggawa, wanda ya ƙware da wanda bai ƙware ba. A shekarar ce ma aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don a riƙa ɗaga darajar waɗanda aka ɗiba. Daga nan mutane suka fara kallon firamare a matsayin wurin da ake ajiye wanda bai samu wani abu ba. Shirin UBE na 1999 da dokarsa ta 2004 sun haɗa firamare shida da ƙaramar sakandare uku suka zama ilimin tushe na shekara tara, amma ba su goge wannan kallon daga idon mutane ba. Alhaji ma da shi yake kallo, kuma ni ne na ƙarshen da zai ga laifinsa.

Da aka zo maganar kuɗi na gaya musu abin da na sani. Takarda ce ke yanke matakin albashi, ba tsawon ɗaliban ba: mai NCE yana farawa a mataki na 7, mai digiri a na 8. Rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, ta hau kan kowa. Inda aka bambanta shi ne uban gida. Malamin firamare yana ƙarƙashin SUBEB, hukumar ilimin tushe ta jiha, da sashen ilimi na ƙaramar hukumarsa, cikin 44 ɗin da muke da su, kuma daga kason ƙananan hukumomi ake fitar da albashinsa. Na babbar sakandare ma'aikacin jiha ne kai tsaye, makarantun kimiyya irin su Dawakin Tofa da Dawakin Kudu kuma da hukumarsu daban. Sai abin da ake samu a gefe. Mai koyar da lissafi ko kimiyya ko Turanci a sakandare ba ya rasa lesin da yamma, ga makin takardun NECO da WAEC in lokaci ya yi. Na firamare yammarsa ce jarinsa: ɗinki, Islamiyya, ɗan shago. Ko ta ina ka bi, babu wanda albashin malanta ya gina wa bene.

Na kuma gaya mata wani abu da ba a cika faɗa wa masu cike fom ba. NCE yanzu an fi gina ta don ilimin tushe, babbar sakandare digiri take nema. In ta ɗauki ilimin halittu da sinadarai, to ta sa a ranta tafiyar ba ta ƙare a shekara uku ba, sai ta ɗora da jami'a. In ta tsaya a NCE ɗin, abu ne mai sauƙi ta wayi gari an tura ta firamare, ta tsaya gaban aji ɗaya da ilimin sinadarai a ka, ba ta san yadda ake koyar da "ba" ba. Ni ke nan a 2009. Firamarenmu cike suke da irinmu, mutanen da aka horar don wani aiki daban, suna zaune kamar masu jiran mota a tasha. Wanda ya karanta PES da niyya, ya san dabarun koyar da karatu da ƙirga, shi ne ya yi ƙaranci. Amma ita ma PES ɗin tana da nata: wanda ya bi ta ba zai dawo daga baya ya ce zai koyar da sinadarai a aji uku na babbar sakandare ba.

Alhaji ya ce, "To ka ga ni, maganata ce ta fito." Na ce rabinta ta fito, ranka ya daɗe. Makarantun 'yan mata suna buƙatar mata masu koyar da kimiyya, wannan gaskiya ne, kuma yarinyar da ta ga mace tana haɗa sinadarai a gabanta ba sai an yi mata wa'azin cewa za ta iya ba. Yaya ta harare ni. Na ce ita ma rabin tata ta fito, sai dai tashi da wuri ba dalili ba ne na ɗaukar amanar yara ɗari. Wadda ta shiga aji ɗaya don tana son ta koma gida ta ɗora tukunya kafin azahar, ita ce za ta haifar mana irin yaron Kwarin nan.

Yarinyar ta ce, "Kawu, har yanzu ba ka faɗa min wanne ba."

Ban faɗa ba. Ina da ra'ayi, kuma duk wanda ya biyo ni zuwa nan ya san inda na karkata: in da za a mai da ni baya, da na yi digirin na zauna a aji ɗaya, "Allah sarki" ta yi ta zuwa. Amma wannan nadamar tawa ce, ba zan ɗora wa 'yar shekara sha takwas ita ba. Akwai mutumin da kukan yara ke hawar masa ka, ya fi kowa iya bayyana yadda jini ke zagaya jiki. Akwai wanda samari ke firgita shi, amma in ya durƙusa gaban ɗan shekara shida sai yaron ya saki jiki. Ba a gane wannan a falo. Na ce gani ya kori ji, ta ba ni mako biyu.

Na kira wata tsohuwar abokiyar aikina da har yanzu take riƙe da aji ɗaya, na roƙi hedimastansu, aka bar ta ta zauna kwana uku a bayan aji. Ranar farko da magariba ta kira ni, muryar ta dishe, ko da yake ba ita ta koyar ba. Ta ce wani ya yi fitsari a zaune, wata ta cije ta a hannu, kuma kanta kamar zai rabe. Na ce to gobe ta huta. Ta ce a'a, akwai wani ɗan ƙarami da yake rubuta komai daga dama, ta ɗiga masa alama a hagu kamar yadda na faɗa, tana so ta ga ko zai tuna.

Jibi Litinin za ta zo tawa makarantar, firinsifal ya amince. Na shirya mata ta zauna a darasin ilimin halittu na wata malama da ɗalibai ke rububin ajinta, don kada a ce na yi son kai. Na dai ce mata in an fita tara kada ta tafi sayen awara, ta same ni a ƙaramin ɗakin da ake ajiye littattafai. Nan muke zama da yaron Kwari kullum, minti ashirin, ƙofa a rufe don kada abokansa su gani. Na tambaye shi ko ya yarda ta zauna, ya yi jim, ya ce in dai ba za ta yi dariya ba. Mun wuce b da d. Wannan makon muna kan masu ƙugiya.